Mai kiwon shanu da bazawara mai ɗa: yaya zan gina labarin ya yi kama da gaske?

Ummu Alƙalami:

Assalamu alaikum 'yan uwa marubuta. Labarin soyayya ne a hannuna, ya tsaya cak a babi na 9. Jarumin ɗan shekara 41 ne, yana zaune shi kaɗai a gandun kiwonsa can bayan gari a ƙasar Zazzau, ba ya shiga mutane. Jarumar bazawara ce 'yar shekara 28, tana da ɗa namiji mai shekara 6, ta dawo gidan yayanta bayan aurenta ya mutu. Shanu nawa mutum ɗaya zai iya riƙewa, kuma yaya wuninsa yake? A ina za su haɗu ba tare da na keta al'ada ba? Sannan me zai shiga tsakaninsu, tunda ba na son sa kishiya ko muguwar uwar miji? Don Allah masana a taimaka.

Ɗan Turke:

Wa alaikumus salam Malama. Fara da rage garken. Mutum ɗaya ba ya riƙe shanu 200, ko da gandun a killace yake. Ki ba shi 25 zuwa 35, sannan ki ba shi yaro makiyayi da ke zuwa da safe ya tafi da yamma. Hakan bai fasa kaɗaicinsa ba. A ƙasar Zazzau Bunaji za ki fi samu, fararen nan masu baƙin kunne da baƙin hanci. Bokoloji na wajen Sakkwato ne, Rahaji jajaye ne masu dogon ƙaho. In kina son ya zama mai ilimin zamani, cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI tana Shika kusa da Zariya, zai iya zama tsohon ma'aikacin irin wannan wuri.

A garken 30, masu tatsa ba za su wuce 7 ko 8 ba. Sauran karsana ne, da maruƙa, da shanun da suka ƙafe, da bijimi ɗaya. Bunaji kan ba da lita 1 zuwa 2 a rana bayan rabon maraƙi, don haka kada ki rubuta yana cika bokitai. Tatsa bayan asuba ake yi. Maruƙa sun kwana ɗaure a dangwali, wato doguwar igiyar da ake jera su a jikinta, a kwance ɗaya ya je ya fara tsotso har nono ya sauko, a janye shi a ɗaure kusa da ƙafar uwar ta gaba, a yi mata dabaibayi, a tatsa a ƙwarya. Shanunmu ba sa sakin nono in ba su ga ɗansu ba. Shi ya sa mutuwar maraƙi asara biyu ce, an rasa shi an rasa nonon.

Da damina ba a kora su kiwo sai raɓa ta bushe, wajen ƙarfe 10, saboda tsutsar ciki. Lokacin ne kuma na kaska da kirci, da rigimar shiga gonar mutane. Da kaka ake tara harawa da karan dawa da ɓawon wake a ɗora a rumfa. Wahala ta gaske tana bazara, daga Maris zuwa Mayu: ciyawa ta ƙare, shanu sun rame, sai dusa da angurya da kanwa. Babbar saniya tana shan lita 30 zuwa 40 a wannan zafin, wato garkensa na buƙatar kusan lita 1,000 kullum, jarka 40 ke nan ta lita 25. In injin rijiyarsa ya lalace kwana biyu, kin samu tashin hankalin da ya fi na kishiya.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, mutumin nan ba zai iya barin shanunsa ba. Babu ranar hutu. In ya zo zance bayan la'asar, hankalinsa na kan komawa kafin magariba ya ƙirga su, ya hura musu hayaƙi saboda ƙudaje. Da dare kunnensa na waje saboda ɓarayin shanu. Ita kuwa za ta iya ɗauka rowar lokaci yake mata.

In kina son babin haihuwar saniya, cikinta wata 9 ne da 'yan kwanaki. Daidai shi ne ƙafafun gaba biyu su fito tare da hanci a kansu. In faya ta fashe aka yi awa biyu ba ci gaba, ko ƙafa ɗaya kawai ta leƙo, akwai matsala, sai a wanke hannu a shafa sabulu a gyara kwanciyar, a ja ƙasa-ƙasa daidai lokacin da take naƙuda. Maraƙi ya sha dakashi, wato nonon farko, cikin awa 6 na farko. Mabiyiya kuma ba a jan ta da ƙarfi. In ta wuce awa 12 ba ta faɗo ba, malamin dabbobi ake kira.

Malam na Zaure:

Malama, abin da kike nema ya shiga tsakaninsu yana cikin gidan tun farko, shi ne yaron. A mazhabar Malikiyya da kotunan Musulunci namu ke bi, uwa ce ke da haƙƙin reno, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, ciyarwa kuma tana kan uba. Amma da zarar uwar ta auri wanda ba muharramin yaron ba kuma ta tare, haƙƙin ya bar hannunta. Ba uban yake komawa kai tsaye ba, kamar yadda marubuta da yawa ke rubutawa. Kakarsa ta wajen uwa ce a gaba, sannan 'yar uwar uwa, kafin a zo ɓangaren uba. In wanda haƙƙin ya koma wa ya san da auren ya yi shiru har shekara guda ba uzuri, yaron ya zauna wurin uwarsa. Haka nan in za ta ƙaura da shi nisan baridi 6, kimanin mil 72, waliyyin yaron zai iya hanawa. To in gandun na bayan garinsu ne, wannan bai shafe ta ba. In kin kai shi tsaunin Mambila, ya shafe ta.

Wannan hukunci ne. A al'ada kuwa dangin uba sukan zo su karɓi yaro bayan yaye, ko ranar da suka ji za ta yi aure, kuma mata da yawa ba sa zuwa kotu saboda kunya ko gudun ɓata zumunci. Ki nuna duka biyun.

Ki kula da idda sosai. Wadda aka saka tsarki uku take yi, wadda ba ta haila wata 3, mai ciki har ta haihu, mai takaba wata 4 da kwana 10. A iddar sakin da ake iya kome, matar mijinta ce har yanzu, babu neman aure ko da da habaici. A takaba an yarda da shaguɓe, ba a yarda da bayyanawa ba. Wanda ya ɗaura aure cikin idda, a raba; in har ya sadu da ita, a wurin Malikiyya ta haramta gare shi har abada. Don haka ki sa haɗuwarsu bayan ta gama. Kuma in saki ɗaya ne, tsohon mijin na iya dawowa da sabon sadaki kamar kowane manemi, yana riƙe da makami mai kaifi: "ki dawo ɗakinki ki riƙe ɗanki."

Bazawara ba a aurar da ita sai ta furta yardarta da baki, shirunta ba amsa ba ne, amma waliyyi da shaidu biyu da sadaki ba makawa. Mafi ƙarancinsa rubu'in dinare. Agola ba ya gadon mijin uwarsa kuma ba a kiransa da sunansa. In jarumin na son ya bar masa wani abu, ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, ko kyauta yana raye. Kyautar ma sai an karɓa. In ya ce "karsanar nan taka ce" bai sa shaidu ba, bai damƙa ta ga mai karɓa wa yaron ba, ya rasu tana cikin garkensa, magada ne za su raba.

Ummu Alƙalami:

Allah ya saka da alheri, ya ƙara ilimi. Malam, mahaifiyar jarumar tana raye a labarin, ke nan yaron zai iya zama wurin kakar tasa. Saura batun haɗuwar tasu.

Anti Mai Gyaran Rubutu:

Ƙanwata, kafin haɗuwa ki amsa tambayar da kowace mai karatu za ta yi: me ya zaunar da ɗan shekara 41 ba mata? A ƙasar Hausa wannan ba ƙaramin abu ba ne, gari zai yi ta magana. Ki zaɓa, tuzuru ne da bai taɓa aure ba, ko gwauro ne da ya taɓa yi. Gwauro ya fi sauƙin gaskatawa: matarsa ta rasu wajen haihuwa, ko ta kasa zaman daji ta tafi. In na biyun ne, tsoronsa a fili yake, kada a sake barinsa. Dalili ɗaya ya isa, kada ki jibga masa uku.

Haɗuwa kuma ta hanyar nono. Namiji ba ya tallan nono a wurinmu, aikin mata ne, shi kuwa ba shi da mace, ga lita 10 kullum tana neman lalacewa kafin azahar. Ita tana neman sana'ar da za ta rage wa yayanta nauyi, fura da kindirmo. Ɗan yayanta ne zai riƙa karɓowa a babur, wata rana ɗanta ya maƙale ya bi shi. Yaron zai fara sanin mutumin kafin uwar. Ya dawo yana ba da labarin sunayen shanu, ta fara jin mutumin a bakin ɗanta makonni kafin ta gan shi. Ganin farko ki sa shi a ƙofar gida ko zaure, kan lissafin kuɗin da bai daidaita ba, da sanin yayanta.

Inda irin wannan labari ke lalacewa shi ne a mai da mutumin daji mai zuba kalaman soyayya shafi uku a waya. Wanda ya shekara goma yana magana da shanu ba haka yake ba. Sonsa a aiki zai fito: ya ƙara mata mudu bai faɗa ba, ya aiko da man shanu ranar da ya ji yaron na tari, ya tuna tambayar da yaron ya yi mako biyu da suka wuce. Ita ma ba budurwa ba ce da za ta riƙa rufe fuska tana wasa da yatsu. Ta san aure, tambayoyinta na lissafi ne. Akwai makaranta kusa? Asibiti fa, in ciwo ya tashi da dare cikin damina hanya ta yanke? Wa zai zauna da ita in ya tafi kasuwar shanu?

Yaron kuma kada ya zama ado. Ɗan shekara 6 yana son ubansa ko da uban bai kyauta ba, zai iya ƙaunar shanun ya ƙi mai shanun da zarar ya gane me ake ciki. Ki ba shi ranar da zai ce "kai ba babana ba ne," ki bar jarumin ya ce gaskiya ne.

Bikin bazawara ba ya jan lokaci, lefe kaɗan ne, a ɗaura da safe ta tare da dare cikin 'yan rakiya ƙalilan. Kada ki ɓata babi biyar a kansa. Babi biyar ɗin ki kashe su a zaman da za a yi tsakanin yayanta da kakar yaron da baffanninsa, inda jarumin da ba ya son taro dole ya bar garkensa a hannun yaro wuni guda, ya sa babbar riga ya zo ya zauna a tabarma.

Ɗan Turke:

Ƙari kaɗan kan lita 10 ɗin Anti: da damina ne da farkon kaka zai samu haka. Da bazara zai iya sauka zuwa 3 ko 4, wasu shanun ma a daina tatsarsu don kada maraƙi ya mutu. In cinikin nono ne ya haɗa su, to a watan Afrilu dalilin zuwan yaron gandu zai yanke, sai ɗayansu ya nemo wani dalilin.