Abin da masu kiwo suka ce kan abincin kaji

Masu kiwon kaji a gida sun tattauna batun abinci, kuma bakinsu ya zo ɗaya kan cewa dusa kaɗai ba ta riƙe kaza. Tana cika ciki, amma ƙwai ba ya zuwa.

Shekarun kaza ne ke zaɓar buhun abincin da za a saya. 'Yan tsaki stata (abincin farko) suke buƙata, mai furotin (sinadarin gina jiki) kusan kashi 20 cikin 100, sai girowa (abincin masu tasowa) daga mako na 8. Abincin masu ƙwai kuwa sai wajen mako na 18, domin yawan sinadarin kalsiyam ɗinsa yana lahanta ƙodar ƙananan kaji. Idan ɓawon ƙwai ya yi laushi har yana fashewa a hannu, a ƙara garin ƙashi.

Masu haɗa abincin da kansu sun ja kunne sosai: a soya waken suya kafin a niƙa, kuma masara ko ƙuli-ƙulin da ya yi funfuna guba ne. A shinshina buhu tun a kasuwa, duk arharsa.

Kajin Hausa masu yawo, a tono musu gara. Canjin abinci kuma a riƙa gauraya tsoho da sabo na tsawon mako guda.