Shin Magidanci Zai Iya Zaɓen Kamfanin Wutarsa? Abin da Aka Tattauna

Jama'a, tattaunawar da aka yi kan ko magidanci zai iya zaɓen kamfanin da zai ba shi wutar lantarki ta yi tsawo, ga abin da na tsinta.

1. Kusan kowa ya yarda cewa a Najeriya ba ka da zaɓi. Tun da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta guda 11 a 2013, inda gidanka yake shi ke yanke maka kamfani. Kano, Katsina da Jigawa na KEDCO ne. Kaduna, Sakkwato, Kabi da Zamfara na Kaduna Electric. 'Yan'uwanmu na Nijar sun ce NIGELEC kaɗai gare su.

2. Mazauna Ingila sun ce can kana sauya mai sayar maka da wuta, amma wayoyin da ke kawo ta ba sa canzawa.

3. Dokar 2017 ta NERC, hukumar da ke kula da harkar lantarki a Najeriya, ta ba manyan masana'antu damar sayen wuta kai tsaye daga masu samar da ita. Gidaje ba sa ciki.

4. A nan aka rabu: dokar lantarki ta 2023 da ta ba jihohi ikon tsara kasuwarsu. Wasu na ganin gasa za ta zo. Wasu suka ce ko jiha ta karɓa, turakun da taransufoman unguwa ɗaya ne, wa zai sake dasa wasu? Ni dai na fi karkata ga na biyun.

5. Shawarar da ta fi yawa: a nemi mita, a daina biyan kuɗin ƙiyasi. Mai hali ya haɗa sola. An ɗan yi gardama kan tsadar batir, ba a kai ƙarshe ba.