Zan je Bejin, yaya ake ɗaukar hoton tsofaffin lungunansu?

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata mai kamawa in Allah ya yarda zan raka kawuna Gwanzu ta ƙasar Sin sarin kaya, daga can mu wuce Bejin. Abin da ke raina shi ne tsofaffin lungunan nan nasu da ake kira hutong, masu bangon bulo ruwan toka da jajayen ƙofofi. Waya kawai gare ni. Na gwada hannuna a lungunanmu na Nima a Accra, sai bango ya fito a karkace kamar zai faɗo, sama ta yi fari fat, ƙasa kuma duhu. Masana, a taimaka wa ƙaninku.

Mai Hoton Mamobi:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya kai ku lafiya. Laifin ba na wayar ba ne, na tsayuwarka ne. Lungu ya matse, sai mutum ya danna 0.5 a kyamarar, mai faɗaɗa hoto, don komai ya shiga, ya kuma ɗaga kan wayar sama. Da zarar ka ɗaga ta, duk abin da ke tsaye sai ya rusuna ciki. Ja da baya, sa 2x mai jawo abu kusa, riƙe wayar a miƙe daidai ƙirjinka. Kunna layukan nan da ke raba fuskar waya gida tara, ka daidaita ɗaya da gefen ƙofa ko sandar lantarki. In rufin bai shiga ba, ƙara ja da baya, kar ka ɗaga.

Sai lokaci. Yawancin hutong na tsohon Bejin daga gabas zuwa yamma suka miƙe, tsarin da ya samo asali tun daular Yuwan, tsakanin 1271 da 1368, saboda gidajen su fuskanci kudu su sha rana lokacin sanyi. Amfanin wannan gare ka shi ne, da sassafe da bayan la'asar hasken na bin tsawon lungun, kowane bulo ya fito da inuwarsa. Da azahar kuwa bango ɗaya ya ƙone da haske, ɗaya ya nutse. Je ka ci abinci kawai.

Ni abin da na fi so can ƙofofin ne. Za ka ga duwatsu biyu a gindin ƙofa, wasu an sassaƙa su kamar ganga, da jajayen takardun rubutu da aka manna tun bikin sabuwar shekararsu, rana ta cinye launinsu, gefe ya fara ɓamɓarewa. Sami irin wannan ƙofa, tsara hotonka, sannan ka tsaya shiru. Dattijo zai wuce da keke, ko tsohuwa da ledar kabeji. Kai ne za ka jira mutum ya shigo hoton, ba ka bi shi da waya ba.

Hajiyar Kantamanto:
Ɗana, ni ba mai hoto ba ce, 'yar kasuwa ce, amma ƙafata ta san wuraren. Kar ka jira sai Bejin. A Gwanzu ɗin ma akwai masallacin Huaisheng, wanda ake lissafa shi cikin mafi tsufa a ƙasar Sin. Hasumiyarsa zagayayya ce, ba ado, tsawonta wajen mita 36, ta leƙo ta bayan rufin gine-gine. Akwai kuma titin Enning mai tsofaffin shaguna da rumfar ginshiƙai a gabansu. Ka lallaɓa kawunka ya ba ka rabin yini.

A Bejin kowa zai tura ka lungun Nanluoguxiang. Cunkoso ne da shagunan tsaraba, kawunan mutane kawai za ka ɗauka. Ratse ta ƙananan lungunan da ke gefensa. Amma ka sani gidajen mutane ne, da shanyarsu da tukwanensu. Ƙofa a buɗe ba izini ba ce. Nuna wayar, yi murmushi, in an girgiza kai ka wuce. Kuma kai ma ka shirya, baƙin mutum a lungun Bejin, wani zai nemi hoto da kai tun kafin ka nemi nasa.

Malamin Zane:
Yaya Mai Hoto ya yi bayani, amma ina da ƙari. Ana yawan cewa a kauce wa sa abu a tsakiyar hoto. Wannan ya yi a lungu. A manyan gine-ginen Sin kuwa bai yi ba, don maginansu da gangan suka auna dama da hagu daidai. Tsohon Bejin kansa a kan miƙaƙƙen layi ɗaya yake daga kudu zuwa arewa, kilomita 7.8, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2024. Tsaya a tsakiyar ƙofa cak. Taku ɗaya ka kauce, ido zai gane. Hau tudun Jingshan ka ga rufin fadar sarakuna a jere, ko Hasumiyar Ganga ka leƙa rufin hutong daga sama.

Ka kuma nemi masallacin Niujie, wanda asalinsa ya koma shekarar 996. Rufinsa irin na Sin ne mai lanƙwasassun kusurwoyi, ciki kuma rubutun Larabci. Ka haɗa biyun a hoto ɗaya. Kafin tafiya, je Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda a nan Accra ka yi ta gwaji da hasumiyoyinsa har su daina karkata.

Ɗan Nima:
Allah ya saka da alheri, Hajiya na gode ƙwarai. Saura farin saman nan, Yaya.

Mai Hoton Mamobi:
Taɓa wurin da ya fi haske a fuskar wayar, ka ja alamar rana da za ta fito zuwa ƙasa kaɗan. Duhu ana iya gyara shi daga baya, wurin da ya ƙone fari ba ya dawowa. In saman ba gajimare ba komai, rage shi, bar ɗan siririn yanki bisa rufin ya ishe ka. Gobe bayan la'asar gwada a lungun gidanku ka turo mu gani.