Kaset ɗin Game Boy na marigayi Yaya: ina neman wanda ya san kansa

Ɗan Yelwa, Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Makon jiya Inna ta sa ni kwashe kayan ɗakin marigayi Yayana, don damina ta matso kuma rufin yana yoyo. A ƙasan akwatin ƙarfe, ƙarƙashin littattafansa na lise, na tarar da Game Boy Advance ɗinsa, na'urar wasan nan ta hannu, irin na farkon nan mara fitila, wanda sai ka nemi haske kafin ka ga abin da kake yi. Kaset yana ciki. Takardar jikinsa ta goge, 128M kawai ake iya karantawa. A gefe akwai ɗan akwatin roba mai bakin cusa kaset, da waya mai faɗin kai mai haƙora 25.

Na sa pil biyu, wato batir, sai ya kama, wasanni huɗu suka fito a jere. Na shiga Advance Wars, sai ga wasansa a ajiye inda ya tsaya, da laƙabin da Inna kaɗai ke kiransa da shi. Wallahi sai da na zauna a ƙasa.

Ina da shekara tara a 2003 lokacin da yake fama da abin nan. Yakan yi yamma biyu a sibar, wato shagon intanet, kusa da babbar kasuwa kafin wasa ɗaya ya sauka, ya raba shi a disket uku, mu hau moto zuwa ofishin Kawu mu jira a tashi aiki. Nan zai jona akwatin a bayan kwamfuta, ni kuma aikina in tsaya bakin ƙofa kada kowa ya taɓa wayar.

Tambayata biyu ce. Wane irin kaset ne wannan, kuma me ya sa yanzu ko masu gyaran waya ba su san shi ba? Na biyun ya fi damuna: yaya zan kwafe ajiyar nan kafin ta ɓace? Wani yaro a kasuwa ya ce in kawo ya canja pil ɗin cikin kaset, ban dai ba shi ba.

Baba mai gyara, Domayo, Marwa:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan yayanka, ya sa ya huta. Ɗana, Allah ne ya taimake ka da ba ka ba yaron nan ba. Kada ka bari kowa ya buɗe kaset ɗin.

Ma'ajiya biyu ce a cikinsa. Wasannin suna kan wadda ba ta bukatar wuta, ko ka jefa shi a akwati shekaru za ka same su. Inda yayanka ya tsaya kuwa yana kan wata ƙarama, SRAM, wadda ɗan pil mai kamar kwabo, mai bolt 3, ke riƙe da ita dare da rana. Da an ɗaga ƙafar pil ɗin da ƙarfen lida, shi ke nan, sunan ya tafi. Pil ɗin da ya kai yau a zafin Garwa, inda watan Afrilu ke wuce digiri 40, numfashinsa na ƙarshe yake ja.

Yadda ka siffanta akwatin, na fi zaton Flash Advance Linker ne na kamfanin Visoly, wanda ya fito a 2001, shekarar da Game Boy Advance ya shiga kasuwa. Ba shi ne na fari ba. Kafinsa wani kamfanin Hong Kong mai suna Bung ya yi Doctor GB Card don tsohon Game Boy, da na'urar zuba masa wasa da suka kira GB Xchanger, ita ma, kamar akwatinka, ta bakin firinta na bayan kwamfuta ake jona ta. Nintendo, mai ƙera Game Boy, ta maka Bung a kotu a Amurka ta ci nasara, daga nan kayansu suka ɗauke. A 2002 kuma Nintendo da Sony da Microsoft suka kai Lik Sang ƙara a Hong Kong, shagon da ke aika irin waɗannan kaya ko'ina a duniya. Shagon ya rufe gaba ɗaya a 2006, bayan wata shari'ar da Sony.

Sai dai ni a ganina kotu ba ita ta kashe irin naka ba, ƙannensa ne suka kashe shi. 128M ɗin nan megabit ne, wato megabait 16 kacal, shi ya sa ka ga wasa huɗu. In kana son na biyar sai ka koma gaban kwamfuta ka goge ka sake zubawa, ka yi ta jira, kuma sau da yawa sai an yi wa wasan kwaskwarima kafin ya yarda ya ajiye a SRAM. Flash2Advance ya zo ya sauƙaƙa, wayarsa ta shiga jikin Game Boy ɗin kai tsaye, daga baya ma aka yi ta USB. Sannan kaset irin su Supercard da M3 suka zo da ramin katin memori, EZ-Flash IV ya biyo a 2006 da miniSD. Wanda zai zare kati ya zuba wasa hamsin cikin minti biyar, me zai yi da akwati da waya? Ana haka masu ƙera kwamfuta suka daina sa bakin firinta mai ramuka 25.

Ɗan Njamena:

Yaya, Allah ya gafarta masa. Ni dai ban taɓa ganin irin wannan da idona ba, da R4 na tashi, kaset ɗin nan mai cin katin memori na Nintendo DS, na'urar da ta biyo bayan Game Boy. Amma me zai hana ka sa manhajar da ke kwaikwayon Game Boy a wayarka? Wasan nan ƙarami ne, ka buga shi da haske mai kyau ba ruwanka da pil.

Ɗan Yelwa, Garwa:

Na gode ƙanena. Ai ba wasan nake nema ba, ban ma iya shi ba. Yaƙe-yaƙen da ya ci da hannunsa nake so su zauna, da sunan nan.

Ɗan Njamena:

To na gane, ka yi haƙuri. Ga abin da na sani. Nintendo DS na farko na 2004 da DS Lite na 2006 suna da rami na biyu a ƙasa wanda ke cin kaset ɗin Game Boy Advance. In ka sami ɗaya da R4 a ramin sama, akwai ƙaramar manhaja, GBA Backup Tool, da ke kwafe ajiya zuwa katin microSD. Kada ka ɗauko DSi, tun 2008 da ya fito aka cire masa ramin. Abin lura, an yi manhajar ne don kaset na asali, naka kuma wasa huɗu ne ke raba ma'ajiya ɗaya, tana iya kwaso ta wani wasan ta bar wadda kake so. Kuma ka kula da abin da kake dannawa, don tana iya karantawa tana iya rubutawa.

Mai shago, Kusuri:

Salamu alaikum. Malam na Marwa ya faɗi tarihin can waje daidai, bari in ƙara da na gida, don na sayar da kayan wasa a shekarun nan.

A nan irin kaset ɗin yayanka bai taɓa zama hajar kasuwa ba. Ni ban taɓa ajiye shi a shago ba. Sai mai ɗan'uwa a Faransa, ko ɗalibin da ya sauko daga Yawunde da shi. Yana bukatar kwamfuta, yana bukatar intanet, yana bukatar mai haƙurin karanta bayani da Turanci, alhali yaranmu Faransanci suka yi a lekol. Abin da muke sayarwa shi ne kaset ɗin Sin mai wasa da yawa cikin ɗaya, ana rubuta ɗari da wani abu a jiki, in ka duba sai ka ga 'yan kaɗan ne ake maimaitawa da sabon suna. Uba zai saya wa ɗansa wannan da goron sallah ya huta. Da wayoyi masu wasan Java suka cika gari, daga baya Android, ko shi ma ya kwanta mana a kanta.

Don haka yayanka yana cikin 'yan ƙalilan da suka wahala a kan abin nan a arewa. Wanda zai raba wasa a disket uku ya jira a tashi ofis, ai mai kai ne. Allah ya kai haske kabarinsa.

Baba mai gyara, Domayo, Marwa:

Amin. Shawarar yaron Njamena mai kyau ce, amma ni na fi natsuwa da a yi da akwatinsa na asali, don manhajarsa ce ta san yadda aka yanka ma'ajiyar. Kada ka sayi wayar nan mai juya USB zuwa bakin firinta, firinta kaɗai take wa aiki, akwatinka ba zai ji ta ba. Ina da tsohuwar kwamfuta Pentium 4 mai Windows XP a bayan shago, bakin firintarta na asali ne, da ita nake karanta wasu tsofaffin na'urori. Ka duba akwatin ƙarfen da kyau ko akwai faifan CD ko disket na manhajar. In babu, zan nema. Mu kwafe duk ma'ajiyar sau biyu, mu gwada kwafin a kwamfuta mu ga sunan da idonmu, sannan in canja pil. Ba zan karɓi ko dala ba.

Ɗan Yelwa, Garwa:

Baba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Na koma akwatin na sami disket biyar a cikin ambulan, ɗaya an rubuta FA a kai da rubutun Yaya. Daren jiya na nuna wa Inna gilashin a ƙarƙashin fitila. Ba ta karanta boko, sai na karanta mata sunan. Ta riƙe abin a hannu ta daɗe ba ta ce komai ba, daga baya ta tambaye ni ko zai ɓace. Na ce mata akwai wani dattijo a Marwa.

Na naɗe kaset ɗin da akwatin a cikin tsohuwar rigarsa. In Allah ya kai mu Asabar zan shiga motar asuba. Baba, ka turo mini kwatancen shagon ta saƙo, kuma ka faɗa mini ko in bar kaset ɗin a cikin Game Boy a hanya ko in zare shi.