Robar da ke tare baƙin mai a ramin fulogi: wane suna za mu ba ta?

Bakanike, Ringim: Assalamu alaikum. Direba zai zo ya ce baƙin mai ya jiƙa masa fulogi, an ce sai an sauke inji. Sau da yawa ba haka ba ne. A motoci irin Corolla da Honda Accord masu silinda huɗu, fulogi huɗun nan kowanne yana cikin dogon rami da ya ratsa murfin inji, kuma a bakin kowane rami akwai 'yar roba zagayayyiya. Zafi ne ke busar da ita, ta tsage, mai ya taru a ramin, ya jiƙa kwayil mai ba fulogi wuta, mota ta fara mis, wato inji na tsallake wuta. Muna ce mata sil, amma sil ya yi yawa a mota: na giya, na ƙafa, na bawul. Ina son sunan da direba zai ji ya san ƙaramin aiki ne.

Direba, layin Wudil zuwa Gaya: Oga, ramin dai rijiya ce. Ku ce zoben rijiya.

Bakanike, Ringim: Rijiyar na karɓa, Malam. Zobe ne ban yarda ba. Kana cewa zobe hankalin mutum zai tafi ringin fistin, kuma ruɗanin da nake gudu ke nan. In ringi ya ci ko sil ɗin bawul ya mutu, man daga ciki yake zuwa: bakin fulogi ne zai yi baƙi ya yi maiƙo, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, mai na raguwa. In robar nan ce, farin jikin fulogi na sama da robar kwayil ne za su jiƙe, bakin a bushe. Shi ya sa nake tsotse man rijiyar kafin in kwance fulogi, don in ya gangara kan zaren fulogin sai ya yi maka shaidar zur.

Mai sayar da kayan gyara, Ƙofar Ruwa: A kanti "robar fulogi" ake tambaya. Wasu injinan tana haɗe da gaskit ɗin murfi, wasu daban take zuwa. Golf 3 mai bawul 8 ma ba ta da rijiyar, fuloginta a gefe suke.

Malamin makaranta, Gumel: Robar fulogi za ta rikice da ta kan wayar fulogi. Ni gammo nake gani: zagayayye ne, yana zama tsakanin abu biyu, nauyi na danne shi, in ya tsufa ya lotse.

Direba: Amma Malam, gammo ba ya tare ruwa.

Bakanike, Ringim: Gaskiya ne, sai dai surarsa da mazauninsa sun dace, kuma ba wani abu a mota mai wannan suna. Na ɗauki gammon rijiya, yarana ma shi zan koya musu. A riƙa duba bawul ɗin numfashin inji kuma, domin in ya toshe, iskar ciki za ta sake turo mai ta sabon gammon.