Wai za a maida sakandaren unguwarmu ta sai-da-jarabawa, to yaran da suka faɗi ina za su je?

UwarYara ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu sanin harkar ilimi ku wayar min da kai. Ranar Asabar aka kira taron iyaye a sakandaren gwamnati ta unguwarmu nan Kano, ba sai na faɗi sunanta ba, firinsifal ya ce akwai maganar maida ɓangaren siniya ya koma na kimiyya zalla, duk mai son shiga SS1 sai ya zauna jarabawa, kuma yaro daga kowace unguwa zai iya zuwa ya nema. Rabin iyayen suka hau tafi, ni kam jikina ne ya yi sanyi. Yarona yana JS3, ba daƙiƙi ba ne amma lissafi na wahalar da shi, kuma makarantar nan daga tsakar gida nake jiyo ƙararrawar tashinsu, kafin in sauke tukunya ya shigo. In bai ci ba, wadda ke kusa da mu sai an hau ɗan sahu biyu, kun dai san yadda kuɗin abin hawa ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023, ga islamiyya ƙarfe huɗu. Shin ci gaba ne wannan ko ƙwace mana makaranta za a yi da rana tsaka? Ko ni ce ban gane ba?

TsohonƊalibi ya rubuta:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ki kwantar da hankalinki, ba baƙon abu ba ne a Kano. A 1977 haka aka yi da makarantun Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, sakandare ne na yau da kullum aka maida su na kimiyya aka yi musu hukumarsu ta daban, saboda lokacin jihar ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa. Daga baya aka yi ta mata a Taura, wadda ta faɗa Jigawa bayan an raba jiha a 1991. Yau ki shiga duk wani babban asibiti a Kano ki tambayi likitocin inda suka yi sakandare, za ki sha jin Dawaki. Ni ma irin makarantar na yi, babana manomi ne ko biro bai taɓa riƙewa ba, jarabawar ce ta ɗauko ni daga ƙauye ba hanya ba ɗaurin gindi. A can na fara riƙe kwalbar gwaji da hannuna. Yaron talaka mai ƙwaƙwalwa in ba irin wannan ba ina zai samu? Ai kuɗin firabet ba nasa ba ne.

MalamAlli ya rubuta:

Ɗan'uwa TsohonƊalibi ban ƙi taka ba, amma akwai inda misalin ya kuskure. Makarantun da ka lissafa na kwana ne, aka kwaso yara daga faɗin jiha aka ba su gado da abinci da malaman da aka zaɓo da kayan gwaji, wato ba jarabawar kaɗai ta yi aikin ba, kuɗi aka zuba. Wannan kuwa jeka-ka-dawo ce a tsakiyar unguwa, ita kaɗai talakawan wurin ke da ita. In an canja allon bakin ƙofa kawai, malaman nan dai su ne, ɗakin gwajin nan dai shi ne da famfo ba ruwa, to me aka yi? An tace yara ne kawai, sakamakon WAEC da NECO ya yi kyau a ce makaranta ta gyaru, alhali waɗanda za su ja sakamakon ƙasa ne aka kora.

Ni malami ne shekaru da dama ina shaƙar ƙurar alli, bari in gaya muku abin da ba a faɗa a taron iyaye. Duk aji akwai yara biyar ko shida da suke jan sauran, su ne in na fita suke tsayawa gaban allo su sake yi wa 'yan uwansu bayani da Hausa, wallahi wani lokacin yaro ya fi ganewa a bakinsu. Ka kwashe su ka tara wuri guda, ajin da aka bari ya zama kamar miya ba gishiri, malami ma gwiwarsa ta yi sanyi. Sannan waɗanda suka faɗi ai ba ɓacewa za su yi ba, makarantar maƙwabta za a cusa su, wadda dama yara na zaune a ƙasa wasu a kan taga. Mata kuwa abin ya fi muni, uba da yawa in makaranta ta yi nisa cewa zai yi ta zauna a gida, magana ta ƙare.

Hajiya kar ki tsaya gardamar yana da kyau ko ba shi da kyau. Ku tambaya a rubuce ta hannun kwamitin SBMC, wato kwamitin iyaye da jama'ar unguwa mai kula da makarantar: kujera nawa za a ware wa 'yan unguwa, ina za a kai waɗanda ba su ci ba, kuma yaran da ke ciki yanzu za a bar su su gama?

ƊanKanoATurai ya rubuta:

Abin dariya wannan rigimar ita ake yi a nan Ingila shekara da shekaru. Suna da makarantun gwamnati 163 da sai yaro ya ci jarabawa yana wajen shekara 11 zai shiga, kuma tun 1998 doka ta hana buɗe sababbi irinsu saboda ƙorafin nan na Malam. Abin da na gani da idona shi ne lesin, iyaye masu hali tun saura shekara biyu suke ɗaukar malami ya riƙa horar da yaro kan tambayoyin, to ɗan wanda ba shi da shi fa? Kafin a shiga ɗakin jarabawa an riga an yi masa nisa. A Amurka ma akwai makarantar Lowell a San Francisco, suka bar ɗaukar yara da maki suka koma ƙuri'ar sa'a, wanda sunansa ya fito ya shiga, iyaye suka tada ƙura, a 2022 aka dawo da tsarin maki. Su ma dai ba su tsaya wuri ɗaya ba. Ni dai ina ganin jarabawa ta fi alfarma, amma kar a ce mana ba ta kallon aljihun uba.

Gatsau ya rubuta:

Hhh ku kuna ta maganar jarabawa kamar ita za ta yi aiki. Makaranta ta yi suna tukuna ku ga yadda 'yan takardu za su riƙa fitowa daga ofisoshi, ɗan wane da jikan wane. Ɗan unguwa kuma ya koma sayar da fiya wata a bakin get.

TsohonƊalibi ya rubuta:

Gatsau ba ka da dama. Malam na karɓi gyara kan maganar kwana da jeka-ka-dawo, gaskiya ban yi tunanin wannan ba. Amma har yanzu ina nan kan bakana, zalunci ne a bar yaro mai hazaƙa ya dusashe don kawai kar a ce an bambanta. Me zai hana a ware aji biyu ko uku na kimiyya a cikin makarantar da jarabawa, sauran ajujuwan su zauna na 'yan unguwa?

UwarYara ta rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam na kwafe tambayoyinka a bayan littafin yaron, na ƙara da shawarar ware aji. Na yi magana da mata huɗu a layinmu, maigidan ɗaya yana cikin kwamitin, ya ce mu kawo takardar kafin Juma'a zai biya da ita ta wajen mai unguwa. Shi kuma gogan tun jiya na zaunar da shi gaban yayarsa da littafin lissafi, sai kumbure-kumbure yake wai an hana shi ƙwallo. Dan Allah in akwai mai tsofaffin tambayoyin jarabawar shiga makarantun kimiyya ya taimaka ya ɗauko hoto ya saka min a nan.