An sallami Baba daga aiki yana da shekara 63: ya za mu yi da inshorar lafiya kafin Medicare (inshorar gwamnatin Amurka ta masu shekara 65)?

Ɗiyar Alhaji, Columbus
17 ga Mayu, 2021

Assalamu alaikum iyayena da yayyena, barkanmu da sallah. Shawara nake nema a kan mahaifina. An sallame shi daga masana'antar da yake aiki ranar 16 ga Afrilu, bayan shekara 22, cikin waɗanda aka rage saboda korona. A Nuwamba 1957 aka haife shi. Mama shekararta 58, tana da ciwon suga, tana allurar insulin, ba ta aikin albashi. Inshorar wurin aikin ta yanke ranar 30 ga Afrilu. Takardar COBRA, wato damar ci gaba da inshorar wurin aiki da kuɗin mutum bayan sallama, ta zo, an rubuta dala 1,640 a wata su biyu, ga kuma takardar kuɗin sallama da ake jira ya sa wa hannu. Baba ya ce zai fara karɓar Social Security, wato fanshon gwamnati, don ya riƙa biyan inshorar. Dukansu suna da takardar ɗan ƙasa, a Ohio muke. Ta ina za mu fara?

Mai Lissafi

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya musanya wa Alhaji da mafi alheri. Ki ce masa kada ya taɓa Social Security tukuna, domin wannan dala 1,640 ba zai biya ta ba daga yanzu har ƙarshen Satumba.

Dokar tallafin da Shugaba Biden ya sa wa hannu ranar 11 ga Maris ta ɗauke kuɗin COBRA baki ɗaya, daga 1 ga Afrilu zuwa 30 ga Satumba na 2021, ga wanda aka sallama ba da son ransa ba ko aka rage masa awannin aiki. Sharaɗin shi ne kada mutum ya cancanci Medicare, kada kuma a sami wata inshorar wurin aiki da zai iya shiga, ko tasa ko ta matarsa. Alhaji ya cika duka biyun. Adadin da kika gani a takarda cikakken farashi ne, wato kasonsa da kason da kamfani ke biya masa a da, da ƙarin kashi 2 cikin 100 na ɗawainiya. Ki zazzage ambulan ɗin da kyau. Akwai fom biyu: na zaɓen COBRA, da na neman a ɗauke shi a matsayin wanda ya cancanci tallafin. Mutane da yawa na cika na farko su bar na biyu, sai bil ya iso musu cif. Idan babu na biyun, a kira lambar mai kula da shirin da ke kan takardar a nema.

Kwana 60 gare ku, ana ƙirgawa daga ranar da aka aiko sanarwar ko ranar da inshorar ta yanke, wadda ta zo daga baya. Kada ku dogara da sassaucin wa'adi da aka yi saboda annoba, bai shafi wannan tallafin ba. Ku aika ta gidan waya da rasit mai nuna an karɓa, ku ɗauki hoton kowane shafi. Da an shigar da shi, inshorar za ta koma baya ta kama daga 1 ga Mayu, don haka duk insulin ɗin da kuka saya da kuɗinku a wannan watan, ku ajiye rasit ku nemi a mayar muku.

Dalilin da ya sa na fifita COBRA a yanzu ba kyautar kaɗai ba ce. Likitoci na nan yadda suke, jerin magunguna bai canza ba, kuma kason farko, wato abin da mutum ke biya daga aljihunsa kowace shekara kafin inshora ta sa hannu, abin da kuka riga kuka biya tun Janairu yana nan a lissafi. Sabuwar inshora daga sifili take farawa.

Abu biyu ke ɓata wa mutane. Idan Alhaji ya sami sabon aiki mai inshora, tilas ya sanar da mai kula da shirin da zarar ya cancanci shiga, in ba haka ba akwai tarar dala 250. Sannan a tambaya a rubuce yaushe wata 18 ɗin COBRA zai cika. Wasu na ƙirgawa daga ranar sallama, wasu daga ranar da inshora ta yanke. A wajenku bambancin 16 ga Oktoba ne da 31 ga Oktoba 2022, Medicare ɗinsa kuwa sai 1 ga Nuwamba.

Anti Nas

Ƙanwata, abin da Malam ya faɗa daidai ne har zuwa Satumba. Ni hankalina yana kan 1 ga Oktoba, kuma yana kan Mama, domin ita ce ke da sauran shekara bakwai kafin Medicare, ba shekara ɗaya da rabi ba.

Na farko, Baba ya nemi kuɗin rashin aiki a wannan makon idan bai nema ba, ko da kuɗin sallama zai jinkirta fara biyansa. Akwai dalili bayan kuɗin kansa. A 2021 kaɗai, duk wanda aka biya ko aka amince masa da kuɗin rashin aiki, ko na mako ɗaya ne, kasuwar inshora ta gwamnati, inda mutum ke sayen inshorar kansa, za ta ɗauke shi tamkar mai samun kashi 133 cikin 100 na ma'aunin talauci, komai yawan abin da ya shigo masa a shekarar. Sakamakonsa shi ne tsarin azurfa na ma'auni (tsare-tsaren kasuwa mataki-mataki ne, kamar tagulla da azurfa, kuma da na azurfa ake auna tallafi) kusan kyauta, da ragin da ke sa inshora ta ɗauki kimanin kashi 94 cikin 100 na kuɗin magani. An ce a farkon Yuli shafin HealthCare.gov zai fara lissafa shi kai tsaye. Dole Baba da Mama su cika harajinsu a haɗe kafin su samu.

To ga yadda za a jera. Mai kula da COBRA zai aiko takarda tsakanin kwana 45 zuwa 15 kafin tallafin ya ƙare. Ƙarewarsa tana buɗe muku damar shiga kasuwa. Ku cika buƙata a cikin Satumba, ku zaɓi tsari kafin 30 ga wata, ya fara aiki 1 ga Oktoba, sannan ku soke COBRA. Kada ku soke kafin sabon ya tabbata kuma an biya kuɗin wata na farko idan akwai. Wanda ya bar wannan damar ta wuce, ya ci gaba da biyan COBRA, sannan ya gaji ya daina a tsakiyar shekara, ba a ɗaukar wannan a matsayin rasa inshora, sai ya jira lokacin rajistar kowa da kowa.

Wajen zaɓe, kada ki kalli kuɗin wata kawai. Ki ɗauko kwalin insulin na Mama, ki rubuta sunansa daidai, da sunan tsinken gwajin suga da na'urarsa, ki shigar da su a shafin ki ga ko suna cikin jerin magungunan tsarin da matakin da aka sa su. Wasu tsare-tsaren iri ɗaya na insulin suke ɗauka, wani kuma sai likita ya nemi izini tukuna, abin da kan ci kwanaki. Ki kira ofishin likitanta ki faɗi cikakken sunan tsarin, ba sunan kamfanin kaɗai ba, domin kamfani ɗaya yana da na wurin aiki da na kasuwa, kuma likitocinsu ba ɗaya ba ne. A ƙarshen Satumba a karɓi maganin wata uku idan tsohuwar inshora ta yarda. Ragin nan na kashi 94 a azurfa kawai yake. Wanda ya ruɗu da arahar tagulla ya rasa shi.

A 2022 wannan gatan na masu kuɗin rashin aiki ba ya cikin doka, amma ragin farashi yana nan: babu wanda zai biya fiye da kashi 8.5 cikin 100 na samunsa a tsarin ma'auni. Misali, gida mai mutum biyu da ke samun dala 40,000 zai biya wajen dala 106 a wata. Ki kwatanta da 1,640.

Idan kuma abin da ke shigowa a wata ya faɗi ƙasa da kimanin dala 2,003, shafin zai tura ku Medicaid, inshorar gwamnati ta masu ƙaramin samu, tunda Ohio ta faɗaɗa shirin. Medicaid samun wata take dubawa, kasuwa samun shekara. Kulawar tana da kyau ga mai ciwon suga, sai dai ku sani cewa ga wanda ya kai shekara 55, jiha na iya bin abin da ta kashe daga dukiyar da ya bari bayan rasuwa. Mai gida na kansa ya tambayi lauya kafin ya shiga. Masu kiran waya da inshorar gajeren lokaci kuwa, ki kashe wayar. Ba sa ɗaukar ciwon da mutum ya zo da shi. Lambar kasuwar ta gaskiya ita ce 1-800-318-2596, taimakonsu kyauta ne.

Kawu na Bronx

'Yar ɗan'uwana, ki zauna da Alhaji ku yi wannan lissafin a takarda. Wanda aka haifa a 1957 cikakken lokacin ritayarsa shekara 66 da wata 6 ne, wato Mayu 2024. Idan ya fara karɓa a Yuni, ya riga lokaci da wata 35, za a zaftare kusan kashi 19 da rabi cikin 100 har ƙarshen rayuwa. Misali, dala 1,800 a wata za ta koma wajen 1,450. Ragin zai kuma taɓa abin da Hajiya za ta gada idan ya riga ta, Allah ya ba su tsawon rai. Idan ya koma aiki, duk abin da ya haura dala 18,960 a 2021 za a riƙe dala 1 a kowace 2. Sannan kuɗin gaba ɗayansa yana shiga lissafin kasuwar inshora, ya rage musu tallafi. Ban ce haramun ne ba. Idan tukunya ba ta tafasa, a karɓa. Amma kada a karɓa don bil ɗin da ba a binsa.

Haka 401(k), asusun ajiyar ritaya na wurin aiki. Ya wuce shekara 59 da rabi, babu tara, amma duk dalar da ya cire samu ce a wajen haraji, kuma galibi ana riƙe kashi 20 cikin 100 tun daga tushe. Wanda ya kwashi dala 30,000 a 2022 ba tare da ya gyara ƙiyasinsa a kasuwa ba, zai haɗu da ita a fom 8962 na haraji, ya mayar da tallafi. Idan yana da asusun HSA na ajiyar kuɗin magani, ana iya biyan COBRA da shi ba haraji.

Takardar sallama kada ya sa hannu da gaggawa. Mai shekara 40 ko fiye, idan takardar ta ƙunshi yafe haƙƙin ƙara kan wariyar shekaru, yana da kwana 21 na nazari, 45 idan rukuni aka sallama, da kwana 7 na janyewa bayan sa hannu. Idan ranar 16 ga Afrilu aka miƙa masa, kwana 45 zai cika 31 ga Mayu, don haka a kai wa lauya a wannan makon. Ku kuma sani Gwamna DeWine na Ohio ya sanar za a tsayar da ƙarin dala 300 na mako a kan kuɗin rashin aiki a ranar 26 ga Yuni.

Medicare: ya yi rajista tsakanin Agusta da Oktoba 2022 don ya fara 1 ga Nuwamba. Da shekara 22 na aiki, Sashen A, na kwanciya a asibiti, kyauta ne. Sashen B, na ganin likita, dala 148.50 ne a wata a 2021. Babban ramin shi ne zaton COBRA ko inshorar kasuwa na ba da uzurin jinkirta Sashen B. Ba sa bayarwa. Tarar kashi 10 cikin 100 ce a kan kowane cikakken wata 12 na jinkiri, kuma ba ta fita. Ranar da ya shiga Medicare a cire sunansa daga tsarin kasuwa, a bar na Hajiya, ba a soke takardar duka ba. Ofishin OSHIIP na jiharku, mai ba da shawara kan Medicare, yana yin wannan bayanin kyauta.

Ɗiyar Alhaji, Columbus

Allah ya saka muku da alheri. Mun sami fom na biyu, yana maƙale a bayan takardun. Tambaya ɗaya ta rage, Kawu. Baba na tunanin idan ya kai 65 su riƙa yin rabin shekara a Kano. Zai iya barin Sashen B?

Kawu na Bronx

Medicare ba ya biyan asibiti a Kano, wannan gaskiya ne, amma kada ya bar Sashen B muddin a nan zai riƙa ganin likita. Zama a waje ba ya dakatar da tarar, kuma idan ya dawo sai ya jira rajistar Janairu zuwa Maris. Wasu tsare-tsaren Medigap, wato ƙarin inshora da ake saya a kan Medicare, na biyan kashi 80 cikin 100 na jinyar gaggawa a ƙasar waje, cikin kwana 60 na farkon tafiya, iyakarsu dala 50,000 a tsawon rayuwa, kuma wata 6 na farko bayan fara Sashen B ne lokacin da ba za a ƙi shi saboda wani ciwo ba. Medicare Advantage kuwa, wato Medicare ta hannun kamfani mai zaman kansa, ana iya cire mutum idan ya wuce wata 6 a wajen yankin tsarin. Ita Hajiya, kafin kowace tafiya ta tambayi inshorarta ko za a ba ta maganin watannin a dunƙule, ta kuma tanadi jakar sanyi da takardar likita don insulin ɗin a filin jirgi.